Shekarar da Ruwanmu Ya Yi Warin Asibiti

Ranar da aka fara ɗora mini sandar garwa a kafaɗa, ban yi nisa da bakin famfo ba rabin ruwan ya koma ƙasa. Ina tafiya garewanin biyu suna lilo, ruwa yana fallatsar mini a ƙafa. Maigidana Abarshi, wanda ya ɗauko ni daga ƙauyenmu can ƙasar Maraɗi, yana biye da ni har muka kai ƙofar gidan da za a zuba. Ya leƙa garewanin ya ce, "Mamman, ruwa ka kawo musu ko labarin ruwa?" Ya sa na koma na sake cikowa. Ina ba ku wannan labari ne, ku samarin da kuka shigo sana'ar ga-ruwa bana da bara, don na ji abin da kuke faɗa a bakin bohol, wai aiki ne da ba ya son koyo, ƙarfi kawai yake so. Ku matso ku ji.

Abarshi ya fara koya mini tafiya, kamar yaron da aka yaye. Gajeren taku, gwiwa a sake, kafaɗa ta bi rawar sanda, kada ta yi gardama da ita. Ya koya mini jefa ganye a kan ruwa don ya rage tambal-tambal. Daga baya garwa ta wuce, kura da jarkoki suka zo, muka ce hutu ya samu. Ashe wani karatun ne sabo. Kura ba ta da birki, birkinta ƙugunka ne. In ka jera jarkoki nauyi ya fi yawa a gaba, za ta ja ka a gangare har sai ka gaisa da katangar wani. In ya fi yawa a baya, hannunka zai gaya maka kafin azahar. Kuma lungunan birnin Zariya ba a gina su don kura ba. Akwai lungun da sai ka tsaya a bakinsa ka yi jigila da hannu, jarka biyu-biyu, kana yi kana ba masu babur hanya.

Wankin jarka shi ne abin da kuka fi rainawa. Na taɓa kama wani yaro yana ɗauraye bakin jarka kawai, cikinta kuwa gansakuka ta yi kore shar. Jarka ana zuba mata tsakuwa ƙanana da sabulu, a rufe, a girgiza har hannu ya gaji, a ɗauraye, a kife ta sha rana. Wadda ta taɓa ɗaukar man gyaɗa ko kananzir ba ta shiga kurarmu ko kyauta aka ba mu. Murfi in ya ɓata a nemi murfi, ban yarda da toshe baki da tsohuwar leda ba.

Sai shiga gida. Mu ne maza baƙi da ake bari su ƙetare zaure a cikin birnin nan, kuma ba don kyawunmu ba ne. Ka tsaya ka yi sallama, ka ce ga ruwa, ka jira sai an ce ka shigo. Idonka a kan randa, daga randa sai ƙofa. Abin da ka ji a tsakar gida ka bar shi a tsakar gida. Akwai gidajen da na yi shekaru ina zuba musu ruwa, na san muryar uwargida sarai, amma in na gamu da ita a hanya ba zan gane ta ba. Kuma akwai gyara. Gidan da ake mutunta ka, gidan malaminka, gidan da aka taɓa ba ka tuwo ranar da ba ka da lafiya, in ka cika randa sai ka ƙara ɗan wani abu a buta ko a bokiti, ba tare da an roƙa ba. Abarshi ya ce mai ruwan da ba ya gyara ɗan dako ne kawai. Haka muka taso, haka muka koya wa na bayanmu.

Yanzu bari in zo kan muguwar shekarar, wadda saboda ita na tara ku.

Lokacin na zama shugaban 'yan ga-ruwa na ɓangaren Ƙofar Kibo. Mutanena kashi biyu ne. Akwai 'yan ci-rani irina daga Nijar, akwai kuma sababbin zuwa, manoman da 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyukansu, suka shigo birni da kayan jikinsu. Waɗannan ba su zaɓi sana'ar ba, ita ce kawai ƙofar da suka samu a buɗe. Muna kwana a wani tsohon gida da mai shi ya bar mana, ɗakuna uku da masai ɗaya, mutum kan mutum. Da damina ta yi tsakiya sai amai da gudawa ya ɓulla a unguwa. Gida ɗaya, gida biyu, kafin a ankara an fara ɗaukar mutane a a-daidaita-sahu. Ba a daɗe ba aka fara kallonmu. Mu ke shiga kowane gida, mu ne baƙi, mu ke kwana a cunkushe. Ba na cewa mutane ba su da dalilin tsoro, amma kallon yana da ciwo.

Hamidu, wani manomi daga cikin waɗanda aka tasa, shi ciwon ya fara kamawa a cikinmu. Ya ɓoye ciwon. Ya san in aka ji mai ruwa yana gudawa, ba shi kaɗai ba, dukkanmu an daina sayen ruwanmu. Kuma yana tsoron asibiti, yana ganin za a tambaye shi daga ina yake, wa ya san shi, wa zai tsaya masa. Haka ya yi ta tura kura yana ratsewa bayan kango, har ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Da muka kai shi asibiti idanunsa sun riga sun faɗa. Bai kwana biyu ba ya rasu. Mutumin da ya tsira daga bindiga a daji, ya zo ya mutu a birni saboda kunyar faɗin ciwonsa. Abin ya tsaya mini a rai har yau.

Bayan mun dawo daga maƙabarta aka aiko mai unguwa yana kirana. Na tafi, na ɗauka kora ce. Na tarar da taro a ƙofar gidansa: likita daga asibitin gwamnati, mutanen wata ƙungiyar agaji da motarsu, liman, masu bohol, shugaban 'yan sintiri, da wata ma'aikaciyar duba-gari ta ƙaramar hukuma, Hajiya Rabi. Na nemi gefe zan tsuguna, sai Hajiya Rabi ta ce, "Malam Mamman, hau tabarma. Kai ka san inda ruwan unguwar nan yake fitowa da inda yake shiga, ba za a yi maganar ruwa kana bakin takalma ba."

Na hau. Tunda na zo garin nan ban taɓa zama tabarma ɗaya da mai unguwa ba sai ranar.

An yi magana mai tsawo, kowa ya ɗauki nasa. Asibiti za su kafa tanti a filin makarantar firamare, a yi wa kowa ƙarin ruwa, ba tambayar ɗan ina ne. Masu agaji za su gyara mana masai, su kawo sabulu da maganin ruwa, wato kulorin. Liman zai yi wa mutane bayani bayan salla. 'Yan sintiri za su taimaka da ɗaukar marar lafiya. Ni kuma aka ɗora mini biyu: duk wanda ya kwanta a cikin mutanena in kawo shi da wuri, sannan kowace jarka a ɗiga mata magani kafin ta bar bakin bohol. Mai unguwa ya rufe da cewa, "Mamman, mutane sun matsa mini in hana ku shiga unguwa gaba ɗaya. Na ce a ba ku dama. Amma in wannan tsari bai tafi ba, ba ni da bakin da zan kare ku."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na ji, kuma na gode."

Ɓangaren tantin ya tafi daidai. Sa'idu, abokin ɗakin marigayi Hamidu, shi ne na farko da na kai da hannuna. Ya shiga ba ya iya ɗaga kai, ya fito da ƙafarsa. Da mutanena suka ga haka sai ɓoyo ya ƙare, mutum da kansa zai zo ya ce cikinsa ya motsa. Aka raba wa kowane mai kura 'yar kwalbar magani da sirinji marar allura, aka nuna mana iya inda za a ja. Muka ce to, an gama.

Ashe ba a fara ba. Ruwan ya ɗauki wari, irin warin da ke tarbarka a ƙofar asibiti. Da farko mata suka ce yana ɓata musu shayi da koko. Wannan da sauƙi, ana lallashi. Babbar maganar daga zauren Malam Balarabe ta fito, malamin da rabin unguwa suka yi karatu a gabansa ko a gaban mahaifinsa. Ɗalibansa manya suka ce ai a littattafan fiƙihu da suke karantawa, ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya jirkita da wani abu da aka sa masa, ana iya sha a yi girki da shi, amma ba a alwala ko wankan tsarki da shi. Ku da kuka tashi a birnin nan kun san abin da wannan ke nufi. A wani gari da an yi gunaguni an wuce. A nan kuwa tela ma yana da littafinsa a ƙarƙashin keke, kuma ba wanda zai yi wasa da sallarsa saboda mai ruwa.

Alhaji Tanimu mai yadi, wanda na fi shekara goma ina zuba wa gidansa ruwa, ya tare ni a ƙofar gida. Ya buɗe jarka ya sunsuna, ya yamutsa fuska.

"Mamman, da wannan kake so in yi salla?"

"Alhaji, magani ne, don lafiyar iyali aka sa."

"Lafiyar iyali na ji. Sallar fa, kai za ka rama mini? Ku kuka kawo mana ciwo, yanzu kuma kun zo za ku ɓata mana ibada. Juya da kayanka."

Na juya da kura cike. Ba abin da ya fi wannan nauyi a sana'armu, ka koma da ruwan da ka ɗauko. Cikin 'yan kwanaki gidaje da yawa suka daina kiranmu, suka koma jan ruwa a tsofaffin rijiyoyin gida, waɗanda ruwan sama ya gama haɗa su da masai. Masu kwanciya suka ƙaru, aka ce ga shi nan, tsarin 'yan ga-ruwa bai hana komai ba. Mutanena kuma suka rabu. Wasu suna cewa mu daina sa maganin a ɓoye, wasu sun fara ɗaure kaya. 'Yan Nijar suna da inda za su koma. Su Sa'idu fa, ƙauyen da za su koma babu shi. Mai unguwa ya aiko cewa in mako ya ƙare ba canji, kura ta daina shiga unguwa.

Na sami Hajiya Rabi a tanti na gaya mata. Ta ce, "Liman ya yi iya yinsa, amma shi ma ɗalibin Malam Balarabe ne, ba zai tsallake shi ba. Mu je wurin Malam ɗin. Ni ba zan koya masa fiƙihu ba, shi ma ba zai koya mini magani ba, amma ai ruwa ɗaya muke sha."

Muka je da hantsi, bayan ya sallami masu karatu. Ta gyara lulluɓi ta zauna daga bakin zaure, ni na durƙusa. Malam Balarabe tsoho ne marar hayaniya, yana sauraro kamar mai gyangyaɗi, alhali ba abin da ke wuce shi. Da ta gama bayani ya sa aka ɗebo ruwan da aka zuba a gidansa da safe. Ya kai moɗar kusa da hancinsa.

"Hajiya, ba ni da gaba da maganinku. Amma ba zan ce wa mutane ruwan nan bai jirkita ba, alhali hancina yana gaya mini ya jirkita. Ji da kanki."

Ta karɓa ta sunsuna, sai ta kawar da kai tana tari. "Allah gafarta Malam, wannan ai ya wuce abin da muka ce a sa, nesa ba kusa ba. Malam Mamman, wa ke kawo ruwa gidan nan?"

Sa'idu ne. Na aika aka kira shi, ya zo yana goge hannu a riga. Hajiya ta ce ya nuna mata yadda yake auna maganin. Ya ja sirinji daidai inda aka nuna, ya ce wannan na kowa ne. Sannan ya sake ja, ya ce, "Wannan kuma gyara ne."

"Gyaran me?" in ji Hajiya.

"Hajiya, gidan Malam ne fa. Ranar da muka shigo garin nan, a zauren nan aka fara ba mu abinci. Ni na ga abin da ciwon nan ya yi wa Hamidu, na ga abin da ya yi mini. Yaya za a yi in sa wa Malam daidai da na kowa?"

Ni kunya ta kama ni, dariya kuma tana cina. Da na bincika daga baya, ashe ba shi kaɗai ba ne. Kowane ɗaya daga mutanena yana da gidajen da yake ji da su, kuma duk ya yi musu gyara. Gidajen malamai da na alhazan da suka fi kyautata mana, su suka sha ruwan da ya fi kowanne wari. Malam Balarabe ya daɗe yana kallon Sa'idu, sannan ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Amma daga yau ka rage ƙaunar nan kaɗan."

A nan aka sake tsari. Aka karɓe kwalabe daga hannun masu kura. Masu agaji suka sa mutum ɗaya a bakin kowane bohol, shi kaɗai ke aunawa, masu bohol suka ba shi benci da inuwa. Mu kuma muka koma fita da wuri, don jarka ta ɗan zauna kafin a kai ta gida. Hajiya ta gaya wa Malam gaskiya cewa ko an yi haka, mai hanci zai ji ɗan alama, ba za ta ɓace ɗungurungum ba. Na so ya yanke magana a take, amma bai yi ba. Ya ce zai duba littattafai, zai kuma tuntuɓi wasu malamai 'yan'uwansa a Ƙofar Doka. Abin da ya ƙara kawai shi ne, "Jibi da la'asar a kawo ruwa masallacina. Shi wannan mai gyaran ya turo kurar."

Jibin ita ce ranar ƙarshe a wa'adin mai unguwa. Ban san me Malam zai ce ba, Hajiya ma ba ta sani ba. Na wanke jarkokin da hannuna, na tsaya a kan mai awo har ya gama. Sa'idu ya turo kura, ina gefensa. Kafin mu isa labari ya riga mu, ƙofar masallaci ta cika. Ga mai unguwa, ga liman, ga likitan tanti, ga Alhaji Tanimu ya harɗe hannu a ƙirji. Kowa a wurin ya san Sa'idu ya kwanta a tanti, don da kurar ta matso sai da wasu suka ja da baya.

Malam ya fito da butarsa, ya zubar da ɗan ruwan da ke ciki, ya miƙa wa Sa'idu. Sa'idu ya cika ta. Malam ya karɓa daga hannunsa, ya tsuguna a kan dakali, ya wanke hannu, ya kurkure baki. Da ya zo shaƙa ruwa, wallahi har masu tallar goro sun miƙo wuya suna kallo. Ya shaƙa, ya fyace, ya sake, ya wuce zuwa fuska kamar kullum. Da ya wanke ƙafa ya miƙe, ya juyo ga jama'a ya yi magana a taƙaice. Ya ce ɗan abin da aka sa don a tsabtace ruwa a kare rai, in bai rinjayi ruwan ba, bai fitar da shi daga zama ruwa ba, kuma abin da shi da 'yan'uwansa malamai suka natsu a kai ke nan. Ya ce wanda bai natsu ba ya zo zaure a buɗe littafi tare. Sannan ya shige masallaci da alwalarsa.

Liman ya miƙo butarsa, mai unguwa ya miƙo tasa. Daga nan ban ƙara gane ta wane ce ba, butoci ne kawai ta ko'ina, Sa'idu yana zubawa ina buɗe masa jarkoki. Kafin a ta da salla kura ta koma fayau, ga sauran mutane riƙe da buta babu ruwa. A cikinsu har da Alhaji Tanimu. Ya leƙa jarkar ƙarshe, ya girgiza ta, ya juyo kaina da faɗa.

"Kai Mamman, wane irin aiki ne wannan? Ka san yawan mutanen masallacin nan, ka tashi ka kawo kura ɗaya? Kuma gidana kwana nawa ba ruwa, sai na aiko maka da takarda?"

Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, yanzu za a kawo."

An sha yi mini faɗa a sana'ar nan, amma ban taɓa jin wanda ya yi mini daɗi kamar wannan ba. Na juya in ce wa Sa'idu ya koma bohol, sai na hango shi ya riga ya kai bakin lungu da kura, yana gudu.